Gurbin Asara

Daren talatin da ɗaya ga Janairu,
Bradford ta jiƙe sharkaf, ruwa ya ƙi ɗaukewa.
Na zazzage gwangwanin alewa a kan tebur:
rasit ɗin zare, rasit ɗin zif,
na maɓallai, na allura, na man keke.
Wani ya koɗe har ya koma farar takarda,
wani na rubuta awon ƙugun wata a bayansa.

Tasalla ta buɗe kwamfuta tana hamma.
“Umma, sha biyun dare ake rufewa,
in kin makara tarar fam ɗari ce.”
Ta faɗa da Hausarta mai ɗingishi,
ta danna, fom ɗin haraji ya wage baki.

Nawa ya shigo?
Haka kawai, ba sallama, ba ina gajiya.

Mahaifina ya shekara talatin da bakwai
yana sayar da atamfa a Kantin Kwari,
ban taɓa jin adadi daga bakinsa ba.
“Ilu, yaya kasuwa?” “Sai godiya.”
Ranar ciniki, sai godiya.
Ranar da gobara ta lashe layinsu
ya dawo da toka a hula, sai godiya.
Na duba fom ɗin nan sama da ƙasa,
babu inda ake rubuta hakan.

Sai muka lissafa.
Riguna goma sha huɗu na ƙaramar Sallah,
rage tsawon wandunan Turawan layinmu, fam takwas takwas,
labulen wani gidan cin abinci.
Da muka zo kan kuɗin hannu, marasa shaida,
Tasalla ta kalle ni, ni na kalli keke.
Na ce, “Rubuta.
Ba hukuma kaɗai ke riƙe da littafi ba.”

Nawa ya fita?
Nan bakina ya sake.
Keken da ya mutu a tsakiyar wuyan riga,
sabon da ya gaje shi,
leshi yadi sittin na ankon gidan Hajiya Turai:
na yanka, na ɗinka rabi, aka fasa bikin,
wayarta kuma ta koyi shiru.
Wutar ɗakin baya, ɗaya bisa biyar na gidan.
Na ce, “Sa ciwon baya.”
Ta ce, “Umma, ba sa karɓar baya.”

Ta danna, adadi ya fito:
fam dubu da ɗari uku da sittin,
da ɗan layi kwance a gabansa
kamar wanda ya yanke jiki ya faɗi.
Ashe shekara guda na yi ina taka keke da baya.

Na ce, “Goge. Sa riba, ko fam goma ne,
kada a ce 'yar Ilu ta je Ingila ta karye.”
Ta yi dariya. “Wa zai ce? Na'ura ke karantawa.
Kuma asarar ba zubar da ita suke yi ba,
baɗi in kin samu
sai a cire ta kafin a yanka miki haraji.”

Na yi tsit.
Mu asara da dare muke binne ta,
mu share wurin, mu shimfiɗa tabarma a kai.
Nan kuwa an yi mata gurbi,
an ce ta zauna ta jira baɗi.

Saura minti goma sha tara muka aika.
Tasalla ta haye sama, ko sai da safe babu.
Na jawo ragowar leshin daga ƙarƙashin gado,
wanda almakashi bai taɓa ba,
na auna da kamu:
zai fitar da riguna huɗu na babbar Sallah.

Waya ta yi ƙara. Yaya Dije ce daga Fagge,
ita ma barci ya ƙaurace mata.
“Yaya aiki?”
Na ce, “Sai godiya.”
Ruwa na bugun taga.
Na ce, “Tsaya, Yaya, kada ki kashe,
bari in gaya miki nawa.”